Shin NNS Andoni ƙirar gida ne?

Malam Umaru, Argungu: An rubuta a wannan zaure cewa NNS Andoni na rundunar sojan ruwan Najeriya shi ne jirgin ruwan yaƙi na farko da 'yan Najeriya suka ƙera da hannunsu, ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba. Injinansa daga waje aka kawo su, fasalinsa kuma an kwaikwayo shi ne daga tsofaffin jiragen sintirin da rundunar sojan ruwa ta sayo daga Jamus a shekarun 1970, waɗanda ɗayansu ma sunan garinmu ya ci. A ganina haɗawa aka yi, ba ƙira ba.

Injiniya Bello, Birnin Kebbi: Allah gafarta Malam, ina ganin an rage wa masu aikin haƙƙinsu. Gangar jikin jirgin, mai tsawon mita 31, a ma'aikatar gyaran jirage ta sojan ruwa da ke Legas aka yanka farantan ƙarfenta, aka lanƙwasa su, aka yi musu walda ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya san aikin walda ya san cewa ƙaramar kafa ɗaya a ƙasan ruwa ta isa ta ɓata aikin shekara. Ƙasashe da dama masu ƙera jirage su ma sayen injin suke yi daga kamfanoni ƙalilan, ba a kuwa taɓa cewa jiragen ba nasu ba ne.

Hajiya Rabi, Yauri: Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da Andoni a 2012, sai NNS Karaduwa ya zo a 2016, NNS Oji kuma a 2021, kowanne ya fi na gabansa tsawo. Da ba a koyi komai ba a na farko, da ba a yi ƙarfin halin faɗaɗa na biyu ba.

Malam Umaru: Hajiya, wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma jirage uku a cikin shekara tara sun yi kaɗan ga rundunar da ke fama da ɓarayin ɗanyen mai da 'yan fashin teku, shi ya sa har yanzu ake sayowa daga Faransa da Sin.

Injiniya Bello: To Malam, yanzu maganar yawa muke yi. Wannan kuwa a tambayi masu ware kuɗi, domin masu walda sun nuna abin da za su iya.