Taƙaitawa: faifan Ella da Billie na Newport

Ga abin da na tsinta daga tattaunawarmu kan faifan mawaƙan nan biyu, Ella Fitzgerald da Billie Holiday, wanda kamfanin faifai na Verve ya naɗa a bikin jazz na Newport, Amurka, a Yulin 1957.

1. Kusan kowa ya ce sabon shiga ya fara da ɓangaren Ella Fitzgerald, muryarta garau take.
2. A saurara da dare, cikin natsuwa.
3. A kan Billie Holiday aka rabu. Wasu sun ce muryarta ta dushe, gara a fara da faifayenta na shekarun 1930. Wasu suka ce gajiyar nan ce ke ratsa zuciya, tunda shekara 2 kacal ta ƙara a duniya. Ni ina bayan waɗannan na biyun.
4. A nemi bugun da aka ƙara waƙoƙin mawaƙiya Carmen McRae.