Neman shawara: ina so in sauya wa bakin tankin fetur wuri

Awudu, Aboabo:
Assalamu alaikum mastoci da iyayen gida. Ina da Hilux mai injin fetur 2.7, tankinta na cin kamar lita 75. Da ita nake tashi daga Kumasi in shiga ƙauyukan Wenchi da Bole a nan Ghana sayen kashu da ƙwarar kaɗanya. An ɗaga ta inci 2, an sa manyan tayoyi, kuma makon jiya aka cire bodin baya aka yi mata shimfiɗaɗɗen bodi na ƙarfe da rumfa mai ƙofa. Yanzu bakin tanki ya rasa mazauni, yana reto a bayan taya da waya muka ɗaure shi.

Mai waldar ya ba ni zaɓi biyu. Ko a shigo da bakin cikin rumfa inda zan riƙa kullewa saboda masu zuƙe mai, ko a tsallaka da shi ɗaya gefen don akwatin kayan aiki ya zauna a inda yake. Ya ce tiyon lagireto zai isa a ƙara tsawon. Wanne ya fi aminci? A taimaka, Allah ya saka.

Masta Issaka, makanike a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame a Kumasi:
Wa alaikumus salam ɗana. Duka biyun ka ajiye su.

Cikin rumfa shi ne mafi muni. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama ya tafi, kwanciya yake yi a ƙasan bodi kamar ruwa a kwano. Duk lokacin da aka zuba maka lita 60, iskar da ta kai lita 60 cike da tururi sai ta fito daga tanki ta wannan bakin. A fili iska ce ke kwashe ta. A cikin rumfa kuwa tana nan tsakanin buhuna, kuma idan tururin ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa: fitilar rumfa, jak da ya bugi ƙarfe, yaron mota da sigari. Ga kashun da za ka kai wa mai saye yana warin fetur.

Tsallakawa ɗaya gefen kuma, leƙa ƙarƙashin motarka ka gani: tanki na gefe guda, salansa na ɗaya gefen, farfela, wato sandar da ke juya tayoyin baya, a tsakiya. Masu ƙera mota ba don kwalliya suka raba su ba. Bututun salansa na wuce digiri 300 idan mota na hawa da kaya, fetur kuma na kamawa da kansa tun wajen digiri 280. Sannan babu yadda za ka tsallaka shasi ba tare da bututun ya kwanta ba, kuma bututu kwantacce ba ya shan mai. Famfon gidan mai na turo lita 30 zuwa 40 a minti ɗaya. Idan man bai samu gangara ba sai ya dawo, famfo ya yi ta katsewa, ko ya feso wa mai zuba mai a riga.

Abin da ake yi: bakin ya tsaya a gefen da tanki yake, a matsar da shi gaba ko sama kaɗan. Wuri mafi kyau shi ne tsakanin bayan gidan direba da farkon bodi, ko a gefen bodi a gaban tayar baya, a cikin ɗan akwatin ƙarfe da ya shige ciki, yadda ko motar ta goga bishiya ko ta kwanta a gefenta ba murfin ne zai fara taɓa ƙasa ba. Akwatin ya zama a rufe ta ɓangaren kaya, a buɗe ta waje, da ɗan rami a ƙasansa da tiyo mai zubar da abin da ya ɗiga zuwa ƙasa, nesa da salansa da birki. Daga murfi har tanki gangara ce ba tsayawa, kada ta gaza digiri 15 a ko'ina, idan ta kai 30 ya fi. Lanƙwasa kada ta wuce biyu, kuma kada ko ɗaya ta zama kwana mai kaifi. Akwatin kayan aikin shi za a matsar, shi ba ya cin wuta.

Hajiya Mariama, mai sayar da kayan mota, New Tafo:
Ƙanena, maganar tiyon lagireto ka manta da ita. Robarsa EPDM ce, an yi ta don ruwan zafi. Fetur na shiga jikinta ta kumbura, ta yi laushi, cikinta ya fara saɓulewa yana gangarawa tanki, ya toshe matatar famfon mai. Daga waje za ka gan shi lafiya lau har ranar da zai tsage a gindin kilif, zoben ƙarfen da ke matse tiyo. Tiyon ruwa na leda mai haske shi kuma bushewa yake yi ya ƙage.

Ka nemi tiyon da cikinsa robar nitrile ce, kuma a rubuce a jikinsa cewa na mai ne, da lambar SAE J30. Na jirgin ruwa mai lambar ISO 7840 A2 ma ya yi, har ya fi kauri, sai dai tsada. Wanda babu rubutu a jikinsa, ko mai shago ya rantse, bar masa kayansa. Ka auna bakin bututun tankin da kanka kafin ka fito, kada ka zo da "kamar inci biyu". Milimita 38 da 45 da 51 duk ana samu, kuma wanda ya yi yawa kilif ba ya gyara shi.

Tsawon da za a ƙara a yi shi da bututun ƙarfe, roba ta zama mahaɗi kawai. A kowane bakin bututu a tayar da ɗan ƙulli zagaye don tiyo ya kama, tiyon ya hau aƙalla milimita 40, kilif biyu na ƙarfe mara tsatsa a bayan ƙullin, notinsu na kallon gefe daban-daban. Masu karanta wannan da motar dizal: kada ku sa bututun famfo mai farin shafe na zinc, dizal na cin shafen ya kai shi nozul mai fesa mai cikin inji.

Awudu, Aboabo:
Na gode Masta, na gode Hajiya. To akwai wani siririn tiyo da ke manne da babban, da wani kuma da ya nufi gaba. Mai waldar ya ce a toshe su da noti tunda murfi na nan.

Masta Issaka:
Subhanallahi, kada ya taɓa. Siririn da ke bin babban shi ne numfashin tanki lokacin shan mai: mai na shiga ta babba, iska na fita ta ƙarami ta dawo can saman wuya kusa da murfi. Ka toshe shi, lita goma sai ta ci maka rabin awa. A ƙara masa tsawo da tiyo mai faɗinsa daidai, ya hau sama ba tare da ya yi ciki ba, domin idan ya lotsa mai zai taru a wurin ya zama kamar an toshe. Kuma kada a canja inda ya shiga tanki. Wurin ne ke sa famfo ya katse alhali da sauran fili a saman tanki. Fetur na ƙaruwa kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri; lita 75 da ka sha da sanyin asuba a Kumasi, idan ta ƙara digiri 15 a zafin ranar Bole, ta ƙaru da lita ɗaya da ɗan abu. Filin nan ne ke karɓar ta.

Wanda ya nufi gaba yana zuwa gwangwanin gawayi ne mai kama tururi, kuma a kan tanki akwai bawul da ke rufewa idan mota ta kife. A bar su yadda suke. Murfi ma a mayar da na asali, yana da bawul da ke shigar da iska idan mai na raguwa. Murfin da ba ya yin haka na iya sa tanki ya motse.

Abu ɗaya da masu ɗaga mota ke mantawa: tanki a shasi yake, bakin kuma a bodi, kuma a hanyar rami biyun ba sa motsi tare. Dole a bar guntun roba mai ɗan sassauci, kamar santimita 10 zuwa 15, tsakaninsu. Idan aka ɗaure da ƙarfe zalla, wuyan tanki ne zai tsage. Kafin a ce an gama, a hau da ɗaya daga cikin tayoyin gaba kan tudu har tayar baya ta shige ciki iyakarta, a duba: tsakanin taya da bututu a samu faɗin yatsu huɗu ko fiye, kuma a sa farantin ƙarfe ya tare tsakuwa da jan laka.

Fuseini, mai gyaran wutar mota, Asawase:
Yaya Awudu, in ƙara ɗaya da ba a gani da ido. Fetur idan yana gudu cikin bututu yana tara wutar gogayya, irin wadda ke ɗan harbin mutum a ƙofar mota lokacin hunturu. A da, bakin na ɗaure da bodi, wutar na saukewa. Yanzu da roba sama da ƙasa da sabon fenti, ƙarfen na iya zama shi kaɗai, sai tartsatsi ya tashi tsakaninsa da kan famfo, daidai inda tururi ya fi yawa. A ɗaura wayar wuta mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ko 4 daga wuyan zuwa shasi, a kankare fenti a wurin noti, a shafa giris bayan an ɗaure. Kowane guntun ƙarfe da ke tsakanin roba biyu a haɗa shi. A sa mitar masu gyaran wuta: daga bakin zuwa shasi ta nuna ƙasa da om ɗaya, alamar wuta na wucewa ba cikas.

Baba Seidu, mai walda, Suame:
Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana. Tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne a ciki. Kada a yi walda ko a kunna giranda tanki na jikin mota a buɗe. A cire kan batir, a sauke tanki a kai shi nesa a toshe bakunansa, a yi aikin bututu a kan benci, ya huce, sannan a haɗa. Shi kansa tankin babu dalilin taɓa shi da wuta a wannan aiki.

Gwaji: a toshe numfashi na lokacin gwajin kawai, a hura iska da famfon keke, kada ta wuce PSI 3 a ma'aunin iskar taya, ba da kwamfireso ba, a shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi. Kumfa ta fito, a sake. Bayan nan lita 10 tukuna, a duba, sannan a cika. Bayan tafiyar farko a sake ɗaure kilif, sabuwar roba na zama.

Masta Issaka, a nan kaɗai zan ɗan saɓa maka: tsakanin gidan direba da bodi yana da kyau, amma idan tagar baya na buɗewa, wari zai shiga wa mutane. Gara gefen bodi.

Masta Issaka:
Gaskiyarka Baba, idan tagar mai zugewa ce a bi taka. Awudu, maganar ɓarayin mai: ƙofa mai kwaɗo a kan ɗan akwatin nan ta wadatar, a bar mata ramukan iska a ƙasa. Ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cewa an canja bodi, ka kuma tambayi DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, kafin ranar sabunta takardar lafiyar mota. Tukunyar kashe gobara ta hoda mai kilo 2 ta zauna a bayan kujera, ba cikin rumfa a ƙarƙashin buhuna ba. Wayar nan da kuka ɗaure bakin da ita kuwa, kada ka kama hanyar Techiman da ita.