Tsohuwar iPhone ko Sabuwar Android: Wacce Za a Saya wa Auta?

Baffa: Assalamu alaikum. Kuɗin da muka haɗa domin saya wa Auta waya kafin ta tafi jami'a sun cika, Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri. Na sa an tambayo farashi, an ce kuɗin za su isa ɗaya daga cikin biyu: ko iPhone 11 ta hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus, ko kuma Samsung Galaxy A16 sabuwa a kwalinta. Jiya bayan sallar isha'i babban yayanku ya ce mini babu abin tattaunawa a nan, domin a cewarsa tsohuwar iPhone ta fi duk wata sabuwar Android da suke farashi ɗaya. Ni ban gamsu ba, amma ba fannina ba ne, shi ya sa na kawo maganar gabanku kowa ya faɗi hujjarsa, tun da kuɗin na jama'a ne, kuma yarinyar nan aƙalla shekara huɗu za ta yi da wayar a hannunta.

Babban Yaya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, Baffa. Ina nan a kan bakana, kuma ba don suna ko burga nake faɗa ba. Lokacin da iPhone 11 ta fito a 2019, tana cikin manyan wayoyin duniya, kuma injin da ke cikinta, wato A13, har yanzu ya fi Helio G99 da ke cikin A16 ɗin da aka yi mana farashinta sauri, nesa ba kusa ba. Wayar da aka ƙera domin ta zama babba, ko ta tsufa, jikinta da kyamararta da lasifikarta ba ɗaya suke da na wadda aka ƙera tun farko domin masu ƙaramin ƙarfi ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo da wayoyin biyu ya san inda bambancin yake. Sannan a dubi tsawon rai: iPhone 6 ta fito a 2014, amma sai a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kanta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wace ƙaramar Android ce ta 2014 ta rage a hannun mutane? Abu na ƙarshe, duk ranar da Auta ta so canzawa, za ta kai iPhone kasuwa a karɓa da daraja, ta yi ciko kaɗan ta ɗauki wata, alhali ƙaramar Android da zarar an yage ledar kwalinta darajarta ta fara zubewa. Sayen nagari dai, mayar da kuɗi gida.

Gwaggo: Ni ban san injin waya ba, amma na san abin da waya take yi mini a shago. Layi biyu nake riƙewa, domin akwai ranar da ɗaya zai ƙi aiki a cikin Kantin Kwari, ga mai saye a tsaye ya ce ya yi taransifa, ni kuma ba zan saki atamfa ba sai na ga kuɗi sun shigo. A irin wannan lokaci ɗaya layin nake juyawa. An gaya mini iPhone layi ɗaya take ɗauka. In haka ne, yarinyar da za ta je garin da ba mu san wane layi ne ke da ƙarfi a ɗakin kwanansu ba, ta yaya za mu ɗaure ta da layi ɗaya?

Babban Yaya: Gwaggo, wannan an wuce wurin. iPhone 11 tana ɗaukar layi ɗaya na kati, da kuma na biyu wanda ba shi da kati, ana kiransa eSIM, sai a je ofishin kamfanin layi su ɗora shi a cikin wayar. Waɗanda aka yi domin kasuwar Sin da Hong Kong ma kati biyu suke ɗauka kai tsaye.

Injiniya: Na yi shiru ne ina karantawa har na rufe shago. Da farko zan ba Yaya gaskiyarsa: abin da ya faɗa game da saurin inji da kyau na bidiyo da darajar sake sayarwa duk haka yake, kuma ba zan musa ba. Inda na rabu da shi shi ne, yana kwatanta A16 da iPhone 11 kamar yadda ta fito daga masana'anta, alhali wadda za mu saya ba ita ba ce. Wadda za mu saya ta yi shekaru a hannun wani da ba mu sani ba, ta bi ta hannun dillalai da dama kafin ta iso Kano, kuma mu da muke zaune a Farm Centre muna buɗe wayoyi kullum mun san cewa kalmar Landan yus ba ta nufin komai sai abin da mai sayarwa ya so ta nufa.

Mu fara da batir, domin shi ne ginshiƙin maganar. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin wayoyinsa na wancan zamani an tsara shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Wanda yake cinye caji ɗaya a rana zai kai wannan adadi kafin shekara ɗaya da rabi. Ke nan duk iPhone 11 da ke kasuwa yau, ko dai batirinta na asali ya gaji, ko kuma an canza shi, kuma ba kowane canji ne da batiri mai kyau ba. Ko tana sabuwa, ƙarfin batirinta bai wuce 3,110 mAh ba, na A16 kuwa 5,000 ne. Ban ce lissafin a miƙe yake ba, domin iPhone ta iya tattalin wuta, amma gajiyayyen batiri ƙarami ba zai yi gogayya da sabo babba ba. Ga kuma zafi: kamfanin ya ce yanayin da ya dace da wayar shi ne tsakanin maki 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Zafi yana cin kowane batiri, na iPhone da na Android, sai dai ya fi saurin gamawa da wanda dama ya raunana.

Wani zai ce ai wayar tana nuna lafiyar batiri a cikin saitinta, sai a duba kafin a biya. Haka ne, amma akwai na'urar da ake haɗa batiri da ita a mayar da lambar ta koma 100, alhali ƙarfin bai ƙaru ko kaɗan ba. Kwana uku a hannunka za ka ga caji yana tsiyaya tun kafin azahar.

Auta: Yaya Injiniya, don Allah ina da tambaya. Ƙawata ta sayi wata iPhone mai kyamara uku a baya da araha sosai, amma ta ce idan ta matso da hoto sai ya dushe. Shin wannan ma matsalar batiri ce?

Injiniya: A'a, Auta, wannan wata matsala ce daban, kuma gara da kika tambaya. Kwanakin baya wani saurayi ya kawo mini waya, daga baya sak iPhone 13 Pro, da idanun kyamara uku da gefuna masu sheƙi, ya ce fuskarta ta fara ɗagowa ta gefe ɗaya. Da na cire noti biyu na ƙasa na buɗe, sai ga injin iPhone XR ta 2018 an dasa shi a cikin sabon gida. Ido ɗaya ne kawai yake da kyamara a bayansa, sauran biyun gilashi ne aka manna domin ado, batirin kuma ya kumbura kamar gurasa, shi ne yake turo fuskar waje. Yaron ya tsaya yana kallon cikin wayar ya kasa cewa komai, domin kuɗin da ya tara na wata da watanni ne. Kyan ɗan maciji ke nan. Da ya shiga saiti ya duba sashen bayanin waya kafin ya biya, da ya ga sunanta na gaskiya a rubuce. Ki ce wa ƙawarki ta duba can.

Babban Yaya: Injiniya, duk abin da ka lissafa laifin 'yan damfara ne, ba laifin wayar ba. Ba ka rushe maganata ba, ka dai nuna cewa sai an yi hattara wajen saye, kuma kai da kanka za ka raka mu, saboda haka wa zai cuce mu? In batiri ne matsala, a canza shi da mai kyau, a ƙara mata fawa bank. Kuma kada ka manta, kamfanin bai daina sayar da iPhone 11 ba sai a 2022, don haka ba kowacce ce ta 2019 ba.

Injiniya: Na yarda, Yaya, ana samun mai tsabta, kuma in na tsaya zan iya zaƙulo ta. Zan danna *#06# in kwatanta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke jikin tiren layi, in tabbatar babu iCloud ɗin wani a kanta, domin wayar da ke kulle da asusun tsohon mai ita ba ta da maraba da dutse. Zan gwada Face ID, wato buɗe waya da fuskar mai ita, in duba tarihin kayan da aka canza a sashen bayanin waya, in sa layukanmu in ga ko ba a ɗaure take da kamfanin layi na Amurka ba, domin wasu da ɗan siririn faifai ake yaudarar su su karɓi layinmu, ranar da aka sabunta manhaja sai su ƙi. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, kuɗin sabon batiri mai kyau da fawa bank ba su cikin abin da Baffa ya ce an tara, ke nan farashin ya daina zama ɗaya, maganarka kuwa a kan farashi ɗaya ka gina ta. Na biyu, akwai abin da idona ba zai gani ba, kamar injin da ya taɓa shan ruwa aka busar, wanda zai yi wata biyu lafiya sannan ya mutu, lokacin garantin sati ɗaya ko biyu da mai shago ya bayar ya daɗe da ƙarewa. Sabuwar waya tana zuwa da garantin kamfani da rasit.

Sai maganar tsawon rai, wadda a da ita ce babbar hujjar masu iPhone, kuma da gaskiyarsu a lokacin. Yanzu lissafin ya canza. Da iOS 26, wato sabon tsarin manhajar iPhone, ya fito a watan Satumba na 2025, an ajiye iPhone XR da XS, kuma iPhone 11 ita ce mafi tsufa a cikin waɗanda aka ɗauka, wato tana bakin layi. A16 kuwa ta fito a ƙarshen 2024, kuma Samsung ya yi alkawarin sabunta ta har shekara shida, wanda zai kai Auta ta gama digiri da bautar ƙasa. Misalin iPhone 6 da ka kawo daidai ne, sai dai wanda ya more shekara goma sha ɗayan shi ne wanda ya saye ta sabuwa, ba wanda ya saye ta a shekara ta bakwai ba.

Baffa: Mun ji manya sun yi magana, amma ba mu ji mai wayar ba. Auta, me za ki riƙa yi da ita?

Auta: Baffa, gaskiya zuciyata ta fi son iPhone, domin ita ce a hannun yawancin ƙawayena, kuma hotonta yana burge ni. Amma da na tambayi waɗanda suka riga ni shiga, sun ce yawancin takardun darasi ta WhatsApp ake turowa, a waya ake karanta su, wani lokaci a naɗi muryar malami, kuma ana iya wuni babu wuta a ɗakin kwana, sai an kai caji shago an biya. Sun ce kuma waya mai 64 GB tana cika kafin zangon farko ya ƙare.

Injiniya: To, wannan ma abin dubawa ne, domin iPhone 11 da kuɗinmu za su isa mai 64 GB ce, kuma iPhone ba ta ɗaukar memori, A16 kuwa tana ɗauka, fuskarta kuma inci 6.7 ce a kan 6.1, wanda ya fi sauƙin karatu. Aibinta shi ne babu kan caja a kwalin, igiyar caji kawai ke zuwa da ita, kuma ba ta da ramin abin sauraro na kunne. A ware kuɗin caja ta asali, kada a haɗa sabuwar waya da ta bakin titi.

Babban Yaya: A kan Auta da halin da za ta shiga, na sassauta, a saya mata sabuwar. Amma ban janye maganata gaba ɗaya ba. Wanda yake da wuta a gida da wurin aiki, yake sana'ar da ke buƙatar bidiyo mai kyau, kamar masu tallan kaya a Instagram da TikTok, kuma yake da wanda zai duba masa kamar Injiniya, har gobe tsohuwar iPhone zan ce ya saya, sai dai ya ɗan ƙara kuɗi ya ɗauki 12 ko 13 maimakon 11.

Gwaggo: Ni dai a tabbatar tana ɗaukar layi biyu, kuma a sa mata gilashin kariya da riga tun a shagon, kafin ta fito da ita.

Baffa: Madalla. Injiniya, ranar Asabar da hantsi babban yayanku zai zo da Auta shagonka da kuɗin. A buɗe kwalin a gabanku, a rubuta lambar IMEI a jikin rasit, rasit ɗin kuma a kawo mini in ajiye.