Jitar bes ɗina na gurnani: in canza fikof ko in sayar da ita?

Ɗan Barnawa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga bes a wata ƙungiyar kiɗan biki a Kaduna. Jitata gwanjo ce, kwaikwayon Jazz Bass, mai fikof biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya. Wata uku ke nan, ina kunna amfulifaya sai ta kama gurnani can ƙasa, ga kuma wani zzz a sama kamar ƙudan zuma. In na ɗora hannu kan tsirkiya sai zzz ɗin ya lafa, ina ɗaukewa ya dawo. Kebul biyu na canza, duk sababbi, ba abin da ya sauya. Mai gyara ya ce fikof ne, in kawo dubu 45. Akwai kuma mai son sayen jitar. Saura kwana goma mu yi wani babban biki. Don Allah wanne zan yi?

Mai Piano:
Wa'alaikumus salam. Canza kebul kawai, yawanci shi ne.

Ɗan Barnawa:
Yaya, ai na ce har biyu na canza.

Injiniyan Sauti:
Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Tunda ƙarar na raguwa in ka taɓa tsirkiya, wayar ƙasa da ke ƙarƙashin gadar jitar lafiyarta ƙalau. Abin da babu shi ne kariya a ramin da wayoyi suke: a shimfiɗe shi da tef ɗin tagulla, har da bayan murfi, a haɗa da wayar ƙasa. Gurnanin ƙasa kuwa halin Jazz Bass ne. Fikof ɗinta kowanne naɗi ɗaya ne, an naɗe su a juye da juna, sai ka buɗe maɓallan murya biyun har ƙarshe suke kashe gurnanin juna. Ka rage ɗaya, ya dawo. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, G ɗinka na gaɓa ta uku a babbar tsirkiya kuma kusan 49 ne, shi ya sa in aka yanke gurnanin a miksa sai a yanke maka sauti tare da shi.

Baba Jos:
Ni dai kada ka kai wa mai gyaran rediyo, abin da zan ce ke nan. Shekara huɗu da suka wuce amfulifayata ta yi irin haka duk sanda aka haɗa ta da miksar coci. Na kai wa wani, ya ɗauko filaya a gabana ya karya dogon haƙorin filogi, na ƙasa, ya ce an gama. Gurnani kuwa ya tafi, har na ƙara masa na shayi. Ranar Lahadi hannuna na kan tsirkiya, na matsa zan yi amshi, leɓena ya taɓa makirufo. Ban san sanda na kai ƙasa ba. Na farka ina jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, 'yata tana kuka a kaina, wuyan jitar ya tsage wurin faɗuwa. Da na koma wurinsa sai ya ce ai ba shi ya ce in yi waƙa ba. Har yau in zan kusanci makirufo sai na saki tsirkiya.

Maman Zabiya:
Subhanallahi! Sannu Baba, Allah Ya kiyaye gaba.

Injiniyan Sauti:
Sannu Baba. Irin wannan ne ya kashe Leslie Harvey, makaɗin jita, a kan dandamali a Swansea a 1972. Naka soket biyu ne daban suka jawo gurnanin. Maganinsa a jona amfulifaya da miksa wuri ɗaya, ko a sa akwatin DI, ƙaramin akwatin da ake jonawa tsakanin amfulifaya da miksa, a danna maɓallin da ke raba wayar ƙasarsu. Filogi ba a taɓa shi.

Mai Piano:
Akwatin DI ɗin ma dubu 30 ne a Sabon Gari, Kano.

Na Zariya:
Ina! Dubu 12 aka kawo min nawa daga Alaba. Fikof ɗin nan ma dubu 45 ta yi yawa, ni 20 na sa biyu.

Mai Piano:
Yaushe? Kafin a cire tallafin mai ko?

Baba Jos:
Shekara 25 ina riƙe da bes. Na fi yarda da wanda wuta ta ja a kan wanda ya karanta a littafi.

Injiniyan Sauti:
Baba, ai magana ɗaya muke yi. Ni ma ba a littafi na tsaya ba, duk Asabar ina bayan miksa.

Autan Ganga:
Ɗan Barnawa, ka bar ta haka, in an ɗauke wuta ku ce wa baƙi ƙarar janareta ce, ba wanda zai gane.

Na Zariya:
Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Makon jiya a wani ɗakin taro, janareta ɗaya ce ta ɗauki firji biyu, fitilun ado masu walƙiya da kayanmu. Duk sanda firji ya tashi sai lasifika ta yi ɗas! Soket ɗin bango ma waya biyu ce a ciki, na buɗe na gani da idona. Aka tashi, uwar amarya ta zabge mana kuɗi wai sautinmu ba daɗi.

Maman Zabiya:
Mu ma an yi mana. Masu ɗakin taro su karɓi kuɗin haya cif, kafa sandar ƙasa ɗaya ta gagare su, laifi kuma ya faɗo kan makaɗa.

Ɗan Barnawa:
Na gode muku duka. Na buɗe murya biyun, gurnanin ya ragu ƙwarai, zzz ɗin dai yana nan. A ina zan samu tef ɗin tagulla a Kaduna? Mai sayen kuma gobe zai zo.

Na Zariya:
Maman Zabiya, ku nawa aka zabge muku? Mu rabi ne cur, kuma har yau mai ɗakin bai ɗaga wayata ba.