Launin furen okid: me kuka gani da idonku?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Okid ɗin nan nau'in Phalaenopsis shuɗi da ake sayarwa, idan ya sake fure sai ya fito fari tas. Wa ya san dalili?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Farin ne asalinsa, rini ake ɗura masa da allura. Duba gindin sandar furen, za ka ga ɗan rami da aka toshe. Phalaenopsis ba ya yin delfinidin, sinadarin da ke ba wata okid mai suna Vanda coerulea shuɗinta. Sai da masana a Jami'ar Chiba ta Japan suka sa masa ƙwayar halittar gado ta wani tsiro, Commelina communis, kafin aka samu shuɗi na gaske, wanda aka nuna a 2013.

Mai Ɗakin Gwaji:
Ga gwaji mai sauƙi. A daka giram 2 na furen shunayya cikin mililita 20 na sifirit, a tace, a raba uku. Ɗiga ruwan khal a na farko, zai yi ja. Na biyu a bar shi. Na uku a sa ɗan bekin soda, zai karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore. Antosayanin ke nan, sinadarin da ke ba furen launi; launinsa na bin tsamin ruwan da yake ciki. Kada a cika sodar ko a bar shi ya jima, sinadarin rushewa yake yi ya koma rawaya-rawaya, kuma ba ya dawowa. Rawayan okid nau'in Oncidium kuwa wani sinadari ne daban, karotinoyid, ba ya narkewa a ruwa, sai mai ko asiton, kuma khal ba ya juya shi.

Mai Lambu:
To in ƙara tsami a ruwan ban-ruwa ke nan?

Malamar Kimiyya:
A'a Malam, don Allah kar ka yi, saiwa kawai za ka ƙona. Tsamin cikin ƙwayoyin furen gado ne. Abin da ke hannunka shi ne haske da zafi: sanyin dare na ƙara kaurin launi, zafi mai yawa na koɗe shi.

Hajiya Mai Furanni:
Haka ne, Malama. Koren okid nau'in Cymbidium ma kulorofil ne, sinadarin da ke sa ganye kore, a ba shi inuwa da zarar ƙullin fure ya fito, in ba haka ba rana ta sa masa dabbaren ja. Sannan a kula wajen ɗauka. Idan ƴar hular da ke rufe garin barbara ta faɗi, furen zai saki iskar etilin, leɓensa ya yi ja, ya yanƙwane da wuri.