Ikwalaiza ko masaitin amo? Mu raɗa wa na'urar nan suna

Jama'a, masu aikin sitidiyo da malaman Hausa, ku matso kusa. Akwai na'urar da kullum hannunmu yana kanta, amma har yau ba mu yi mata suna ba. Ikwalaiza muke cewa, wato na'urar da ke ƙara ko rage wani zangon sauti, mai kauri ko siriri, ta bar sauran. Aro ba laifi ba ne, ai rediyo da makirfo ma aro ne. Sai dai duk yaron da na koya wa aiki, na lura sunan bai gaya masa komai ba. Murɗawa kawai yake yi, yana jiran sa'a.

Abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne “mai daidaita sauti”. Fassarar ba ta yi ƙarya ba. Sunan ya samo asali ne daga aikin wayar tarho: murya idan ta bi doguwar waya, sirarin zanguna ne ke fara mutuwa, sai injiniyoyi suka ƙirƙiro da'irar lantarkin da za ta mayar da komai daidai wa daida. Wannan kam daidaitawa ce. To amma mu ba abin da muke yi ke nan ba. “Madaidaici” kuma yana da gidansa tuni, wato ba babba ba, ba ƙarami ba.

Ku dubi ikwalaizar Pultec, wadda kamfanin Pulse Techniques na New Jersey a Amurka ya fara fitarwa a shekarun 1950, daga baya samfurin EQP-1A ya zama abin nema a duniya. A ɓangaren kaurin sauti za ka zaɓi zango ɗaya cikin 20, 30, 60 ko 100 (da Hz ake auna zango, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), sannan ga abin murɗawa na ƙari, ga na ragi. Hankali zai ce idan ka murɗa su tare an tashi a tutar babu. Ina! Lanƙwasar ƙarin daban, ta ragin daban. Sai ƙasan sautin ya yi nauyi, sama da shi kaɗan kuma, inda dagwalon yake taruwa, ya rame. Ka gwada a kan babbar ganga a zango 60, za ka ji ta a ƙirji, kuma ba ta danne muryar mawaƙi ba. Wane daidaito ne a nan? Da gangan aka fifita wani wuri a kan wani. Abin da ya sa mutane ke zuba maƙudan kuɗi a kanta ke nan har yau.

Wani abokin aikina ya ce a kira ta rariya ko mataci. Na so kalmar, amma mataci cirewa kawai ya iya, ba ya ƙari. Mu ajiye masa aikinsa: abin nan da ke zubar da duk abin da ke ƙasa da zango 80 a muryar mutum, har da gurnanin lantarki da ke zaune a 50 a layukanmu na Najeriya da Nijar, shi ne mataci.

Ni kuwa zuciyata ta fara zuwa wajen nake, danƙon nan da makaɗa ke mannawa a fatar ganga don amonta ya sauka ya yi kauri. Wallahi kakanninmu sun san aikin nan tun kafin lantarki. Amma nake nauyi yake ƙarawa kurum, kuma samari da yawa ba su taɓa jin kalmar ba.

Ga inda na tsaya: masaitin amo.

Saita kalma ce da ta zauna a bakinmu, ana saita rediyo, ana saita agogo. Ƙirar kuma tamu ce, kamar mabuɗi da magogi. Na zaɓi amo na bar sauti saboda dalili. Idan ka ce masaitin sauti, wani zai ɗauka abin ƙara murya kake nufi, ko teburin haɗawa gaba ɗaya. Amo kuwa shi ne abin da ke raba kalangu da kotso ko da ƙarfin dukansu ɗaya ne. Shi na'urar take taɓawa.

Da zarar sunan ya zauna, zaɓen na'urar ma sai ya yi sauƙin bayani, don masaiti iri biyu ne. Akwai na fiɗa, irin wanda George Massenburg ya gabatar a 1972, da kake zaɓar zango da kanka, ka zaɓi faɗinsa, ka cire ƙaya ɗaya ba ka taɓa nama ba. GML 8200 daga wannan gida ta fito. Akwai kuma na ɗanɗano, irin Pultec ɗin, ko Neve 1073 ta 1970, wadda kaifinta na sama a kafe yake a zango 12,000, ba ka da zaɓi, amma ɗan murɗawa kaɗan sai murya ta buɗe.

Ra'ayina, kuma ina kansa: fiɗa kwamfuta ta iya ta sosai yanzu. In za ka kashe kuɗin gumi a kan ƙarfe, wato na'ura ta zahiri, sayi na ɗanɗano. In a kan waƙa gaba ɗaya za ka ɗora shi, sai mai layi biyu, hagu da dama, kuma gara mai murɗawa daki-daki, don ƙarfe ba ya tuna inda ka tsaya jiya. Ka riƙa ɗaukar hoton fuskarsa bayan kowane aiki. Sannan, don Allah, kafin ka jona ka duba bayansa. Kayan Amurka da yawa a ƙarfin wuta volt 120 suke zuwa, wutarmu kuwa 230 ce.

Saura ƙananan kalmomin. Ƙarin da ke tashi a wuri ɗaya ya sauka, ina ce masa tudu, ragin irinsa kwari. Wanda ke tashi ya miƙe har ƙarshe kuwa, ina kai-kawo tsakanin kanta da dakali. Dakali ya fi min, don hawa ɗaya ne sai shimfiɗa. Malamai, in akwai wadda ta fi shi a bakin mutanen Sakkwato ko Damagaram, a kawo ta, gobe da safe ina da yara uku da zan koya wa wannan darasin.