Wa ke riƙe da lissafin masu jiran shari'a a Abuja?

Ɗan Nyanya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya shafe wata bakwai a tsare yana jiran shari'a, kuma duk ofishin da na je sai a ce fayil ɗinsa yana wani wuri. Shin akwai hukumar da doka ta ɗora wa alhakin tattara bayanan shari'o'in laifuka, ta yadda za a san ranar da aka kama mutum, da ranar da aka gurfanar da shi, da sau nawa aka ɗage zaman?

Lauya daga Wuse: Wa alaikumus salam, Allah ya kawo masa mafita. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda kotunan Abuja ke aiki da ita, ta tanadi haka. Sashe na 33 ya wajabta wa shugaban kowane caji ofis ya miƙa wa majistare, a ranar aiki ta ƙarshe a wata, jerin waɗanda aka kama ba da takardar izinin kamu ba. Sashe na 111 kuma ya umarci shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya riƙa aika wa Babban Alƙali, duk kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 a tsare bayan an gurfanar da su. Ka fara tabbatar da ranar gurfanarwar, Malam, domin daga nan ake ƙirga.

Tsohon Magatakarda: Barista ya faɗi doka, ni kuwa zan faɗi abin da idona ya gani. A babban littafi muke rubutawa da hannu, kuma 'yan sanda da lambarsu, kotu da tata, gidan yari ma da tasa. Mutum ɗaya sai ka tarar Muhammad ne a nan, Mamman a can, to ta yaya za a haɗa lissafin? Ko an kawo kwamfuta, muddin ba lamba ɗaya ce ke bin mutum tun daga kamu har zuwa hukunci ba, ruɗanin nan ne za a kwafe a zuba mata.

'Yar Gwarinpa: Ni damuwata ita ce rahoton ya tsaya a teburin manya. Ya kamata a riƙa wallafa alƙaluman kowace kotu: mutum nawa aka ba beli, nawa aka hana, da tsawon jiran da suka yi, amma a sakaya sunaye, tunda wanda ake tuhuma bai zama mai laifi ba tukuna. Kafin nan, ɗan'uwa, ka rubuta takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka.